Gyaran miyut na tsohuwar Rickenbacker 4001 ta kawuna

9 ga Nuwamba 2024

Gitar bes ce, Rickenbacker 4001, ta kawuna, ya daɗe da ajiye kiɗa tana kwance a akwatinta saman wadirof. Abin da zan gyara a jikinta ƙaramin abu ne, da yawa cikin masu kaɗa bes ma basu san yana wurin ba, wato miyut ɗinta, ɗan soson nan da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi daf da birij, ƙarfen da tsirkiyoyi ke kwanciya a kansa ta gindin gitar, soson da in ka ɗago shi yake taɓa su ya rage musu jan amo.

Na fara da duba shekararta. Lambar tana jikin farantin da ake soka jak, wato bakin wayar amfilifaya, kuma a tsarin kamfanin na 1961 zuwa 1986 harafin farko shine shekara, na biyu wata, A na nufin 1961 a haka ake ta ƙirgawa. Tamu da P ta fara, kenan 1976, ƙirar Santa Ana a Kalifoniya. Kalarta ta katako ce zalla wadda suke kira Mapleglo, sai dai ta koma ruwan zuma saboda tsufa, wuyan kuma ba ɗaure shi akayi da sukuru ba, katako ɗaya ne ya ratsa tun daga kai har gindin gitar, ga baƙin layi a tsakiya. Kawu yace a hannun wani makaɗi da ya dawo daga Landan ya saye ta, da ita yayi ta kiɗa a otal-otal tsakanin Kaduna da Jos.

Yadda miyut ɗin yake a wannan gitar: babban ƙarfen da ke riƙe gindin tsirkiyoyi, wanda birij ke zaune a cikinsa, yana da rami a gabansa, cikin ramin akwai siririn faranti na ƙarfe da soso manne a kai, sai sukuru biyu masu faɗin kai ɗaya dama ɗaya hagu da ake murzawa da yatsa. Ka murza, farantin ya taso soso ya taɓa tsirkiya, ka warware ya koma ƙasa. Shikenan fa, babu wani siddabaru.

Halin da na same shi: sukurun ɓangaren G, wato tsirkiyar da ta fi siranta, babu shi sam, na ɓangaren E, wadda ta fi kauri, yana nan amma ya ƙame ko motsi baya yi, farantin ya karkace ya faɗa gefe ɗaya yana ƙara kas-kas in an kaɗa E da ƙarfi. Soson kuwa da na sa tsinken ashana na taɓa sai ya ruguje kamar ƙuli-ƙulin da ya sha ruwa, rabi gari rabi danƙo. Sannan in aka haɗa ta da amfilifaya akwai wata huuu da bata raguwa ko ka dafa tsirkiyoyi, wannan na ajiye shi a raina a matsayin matsala ta daban.

Sharaɗin da na sa ma kaina ɗaya ne, ba zan huda sabon rami ko ɗaya a jikin katako ko ƙarfe ba.

10 ga Nuwamba

Wani abokina da muke kiɗa tare yazo ya gani yace me zai sa in wahalar da kaina, kowa cire abin nan yake ya yar, wasu ma birij ɗin gaba ɗaya suke canzawa da na kamfanin Hipshot. Gaskiya ne, haka mutane ke yi, kuma na gane dalili, dan ƙarfen yana da wasu haƙora tsakanin tsirkiyoyi da ke hana ka ɗora gefen tafin hannu ka danne yadda ake yi a sauran gitoci. Amma ni ina ganin wanda ya cire miyut ya cire rabin muryar da aka ƙera gitar dominta.

Lokacin da Leo Fender ya fito da Precision Bass a 1951, abin da kunnen mutane ya saba da shi shine babban bes ɗin nan na tsaye, wanda in aka ja tsirkiyarsa zai ce dum ya mutu nan take ya bar ma ganga da mawaƙi fili. Bes na lantarki shi kuma baya son yin shiru, sai yayi ta jan amo, to masu ƙira sai suka riƙa neman yadda zasu gajarta shi. Fender suka manna soso a cikin murfin ƙarfen da ke rufe birij. Jazz Bass na farko a 1960 kowace tsirkiya da nata miyut ɗin, guda huɗu, shi yasa zaka ga tsofaffin na lokacin da ramukan sukuru huɗu a jiki inda aka cire su. Gibson sun sa wani mai hannu da ake turawa a bes ɗinsu EB-3, Mustang Bass na 1966 yana da nasa, har StingRay na Music Man da ya fito 1976, shekarar gitarmu, da miyut yazo, kowace tsirkiya da sukurunta. Ita 4001 tun 1961 take, kuma da tsirkiya filat ake sayar da ita, mai santsin nan.

James Jamerson da yayi yawancin bes ɗin waƙoƙin kamfanin Motown a Detroit, Precision ta 1962 ce a hannunsa, filat na kamfanin La Bella, murfi da sosonsa na nan bai cire ba. Carol Kaye a Los Angeles ita ƙyalle mai kauri take ɗorawa saman tsirkiyoyi ta kama da salatef. Abin dariyar shine ita Rickenbacker da akasin haka tayi suna, da ƙarar nan mai kaifi ta su Chris Squire na ƙungiyar kiɗa ta Yes da Geddy Lee na ƙungiyar Rush, bayan kamfanin Rotosound a Ingila sun fito da tsirkiya rawun, wadda ba santsi gare ta ba, a 1966 tare da makaɗin bes John Entwistle. Daga nan ne miyut ya zama abin da ba'a kulawa, soso ya ruɓe a ciki, sukuru ya faɗi a filin biki babu wanda ya tsaya nema.

16 ga Nuwamba

Yau na kwance. Kafin komai na ɗauki hoto ta kowane gefe, na auna tsayin kowace tsirkiya daga firet na 12 na rubuta (firet sune siraran ƙarafan da ke jere a wuya inda ake danna tsirkiya), na lulluɓe katakon da ke kewaye da salatef na takarda. Shi birij ɗin babu abin da ya riƙe shi sai nauyin tsirkiya, a kan wasu ƙananan sukurori biyu na alanki yake tsaye, kana sassauta tsirkiyoyi zai zame, dan haka na sa masa alama ta ƙasa dan in san wane gefe ne na E, in ka juya shi baibai sai duk saitin ya tashi.

Sukurun da ya ƙame shi ya ci lokaci. Na ɗiga masa kananzir da ɗan man keken ɗinki na barshi ya sha, sannan na naɗe kansa da guntuwar fata kafin in sa filaya, saboda tsaga-tsagar da ke gefen kan, wadda yatsa ke kamawa, in filaya ta cinye ta shikenan bata dawowa, kuma shi kaɗai ne samfurin da nake da shi. Gaba kaɗan, baya kaɗan, a ƙara mai, a haka har ya saki.

Da na cire sauran sukurorin na ɗaga babban ƙarfen, ban ɗaga da ƙarfi ba dan na san akwai waya a ƙasa, sai ga abin da ya bayyana min maganar huuu ɗin nan. Wayar at, wadda ke haɗa tsirkiyoyi da ƙasan sakit ɗin, a jikin farantin miyut aka like ta da dalma. Wato hanyar ita ce waya zuwa faranti, faranti zuwa sukurori biyun nan, sukuru zuwa babban ƙarfe, daga nan birij, daga nan tsirkiya, sannan hannunka. To sukuru ɗaya ya ɓata, ɗayan tsatsa ta cika tiredinsa, wayar ma 'yan silli biyu zuwa uku ne suka rage a manne. Tun kafin in kwance na sa mita tsakanin tsirkiya da bakin jak bata yi ƙara ba, yanzu na ga dalili. Ashe ba matsala biyu bace, guda ɗaya ce, kuma duk wanda ya cire miyut a irin wannan gitar ya yar bai nema ma wayar nan wani wurin kamawa ba ya saya ma kansa hayaniya.

Ramin katakon cike yake da garin tsohon soso da ƙura har da wata tsohuwar allurar kanti. Buroshin haƙori da ɗan man laita a tsumma suka share shi, ban kusanto da tina ko asiton ba, fentin shekara 48 ba abin gwaji bane. Na ɗora rula a ƙasan babban ƙarfen dan in ga ko wutsiyarsa ta fara ɗagawa, abin da masu irin wannan gitar ke yawan dubawa, tamu a miƙe take alhamdulillahi.

19 ga Nuwamba

Maganaɗisu ya kama farantin miyut da sukurun, bai kama babban ƙarfen ba, wato shi zubi ne aka shafa masa kurom. Dan haka faranti da sukuru kawai na jiƙa a binega suka kwana, na wanke da ruwan bakin soda dan tsamin ya mutu, na busar nan take na goge da samfefa mai laushi. Babban ƙarfen ruwan sabulu da tsumma kawai ya samu, binega na cin irinsa. Akwai 'yan ƙuraje a kurom ɗin inda gumi ya zauna, na barsu yadda suke, ba sabuwa nake son ta koma ba.

Farantin ya ɗan lanƙwashe a tsakiya, na sa shi tsakanin katako biyu na matse a hankali ya miƙe.

23 ga Nuwamba

Maganar sukuru. Na zaga shagunan noti da sukuru babu wanda ya shiga, ɗaya zai yi zagaye biyu ya cije, ɗaya zai wuce sululu baya kama komai, saboda kayan kasuwarmu kusan duk na milimita ne shi kuma wannan ƙirar Amurka ce tiredinsa na inci. Ana samun na asali a intanet, amma kuɗin aike kaɗai ya ninka kuɗin sukurun ban san sau nawa ba, ga jira.

Sai na nufi Panteka wajen masu injin fere ƙarfe, aka nuna min wani dattijo. Ya juya sukurun a hannu ya kalli farantin yace, "Ɗan nan, abu mai sauƙi, in buɗe ramukan nan biyu in yi musu sabon tiredi na milimita, ka sayi sukuru biyu ka tafi, ko minti goma ba za'a yi ba."

Nace, "Baba ku yi haƙuri, in aka yi haka wannan na asalin ya tashi aiki kenan, ni so nake a yi masa ɗan'uwa."

Yayi dariya yace masu tsofaffin Land Rover ma haka suke zuwa su dame shi. Ya jawo wata 'yar gwangwani ya fito da ma'aunin tiredi, wasu siraran ƙarafa masu haƙora a jere, yana ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan sukurun yana ɗagawa saitin haske har ya samu wanda ya zauna daram babu hasken da ke ratsawa. Daga guntun ƙarfen da baya tsatsa ya fere shi, ya yanka tiredin, sannan ya danna wani ɗan gargare a gefen kan yana juyawa sai ga tsaga-tsagar ta fito. Da na gwada a farantin ya shiga da yatsa biyu babu cijewa babu rawa. Na ce ya ƙara min guda na ajiya.

In ka jera su sabon ya fi fari kaɗan kuma tsagarsa ta fi kaifi, daga taku biyu ba mai ganewa.

1 ga Disamba

Likin waya. Dole a yi shi kafin a manna soso, in ba haka ba zafi zai narke shi. Farantin yana shanye zafi sosai, ƙaramin sodarin ayon na gyaran waya baya iyawa, dalmar sai ta dunƙule ta zauna a kai bata kama ba, na aro mai wat 60 wajen mai gyaran rediyo. Na kankare wurin har yayi fari, na shafa fulos, na fara kwantar da dalma a farantin shi kaɗai, na yanke ruɓaɓɓen bakin wayar na fere sabo, sannan na haɗa su. Wayar ta gajarta sai da nayi mata ƙari kaɗan na rufe mahaɗar.

Na mayar da komai na wucin gadi ba soso, mita tayi ƙara daga kowace tsirkiya zuwa jak. A amfilifaya huuu ɗin na nan ƙasa-ƙasa, dama fikof ɗin nan, masu ɗauko sautin tsirkiya zuwa amfilifaya, masu koyil ɗaya ne haka suke, ga wutar gidajenmu da yawanci ba at, amma yanzu kana dafa tsirkiya take faɗuwa. Abu ɗaya da zan faɗa ma duk mai yin irin wannan, tunda yanzu tsirkiya ta haɗu da sakit, in amfilifayarka na ɗan jan mutum to ta hannunka zai bi, a gyara amfilifayar kafin a ɗora hannu.

8 ga Disamba

Nan ne ainihin aikin yake, duk wancan na ƙarfe wasa ne. Na yanka ƙananan guntaye daga abubuwa daban-daban ina cusawa kan farantin ba gam, ina murza sukuru ina kallon tuna, 'yar na'urar da ke nuna ko sautin tsirkiya ya tashi ko ya sauka.

Soson katifa na masu kujeru shi ya fi sauƙin samu kuma sautinsa ba laifi, yana rage amon a hankali bai taɓa tunin sosai ba, amma irinsa ne ke ruɓewa, zafi da laima ke cinye shi ya koma abin da na kwashe a ramin nan, a yanayinmu ba zai kai ko'ina ba. Robar silifas kuma tayi tauri, kana ɗago ta allurar tuna take tashi sama tayi zamanta can.

Dalilin tashin na zauna nayi lissafinsa dan in san me nake faɗa da shi. Tsawon tsirkiya a 4001 inci 33 da kwata ne, wajen milimita 845, ta ɗan gaza Fender mai inci 34. Na auna daga inda tsirkiya ke kwanciya a birij zuwa tsakiyar miyut na samu kusan milimita 20. In abin da ke taɓa tsirkiyar yayi tauri sosai to ya zama sabon birij kenan, tsirkiyar ta gajarta daga 845 zuwa 825, sauti ya tashi da kusan sent 40, alhali tsakanin firet da firet sent 100 ne. Wannan a buɗe kenan, wato baka danna firet ko ɗaya ba. In ka danna firet na 12 tsawon da ke kaɗawa ya koma rabi, wajen 422, amma milimita 20 ɗin nan basu ragu ba, sai tashin ya haura sent 80. Kenan ba zaka ce bari in sassauta tunin kaɗan in rama ba, in ka gyara ƙasa sama ta karkace, in ka gyara sama ƙasa ta faɗi. Dan haka soson da ake nema shine wanda zai sha girgizar ba tare da ya tsayar da tsirkiyar ba, kuma ya taɓa ta da ƙyar, ba ya tura ta sama ba.

Baƙin soson nan da masu haɗa AC ke lulluɓe fayif da shi ya bani mamaki, taushi daidai, sautin dum mai kyau, allura bata wani motsa ba. Na barshi a ɗage ya kwana, da safe tsirkiya tayi masa kwari ya ƙi dawowa, wato kullum sai ka ƙara murzawa har ya ƙare. Wanda ya tsaya a ƙarshe shine na tsohuwar jakar laftof, irin robar nan mai laushi da ake yin rigar masu nutso da ita, yana lotsawa ya dawo, ruwa baya shigarsa. Sai dai siriri ne kuma da yadi manne a bayansa, na ɓare yadin na gefen da zai taɓa tsirkiya na ninka shi hawa-hawa har ya kai kaurin da nake so.

Wani zai ce soso ne fa kawai. Eh soso ne, amma da na silifas da na jakar nan kamar gita biyu ce daban.

15 ga Disamba

Gyaran siffa. Tsirkiyoyin ba a layi ɗaya suke ba, A da D na tsakiya sun fi E da G na gefe tsayi dan suna bin gantsarewar allon wuya, in soson a shimfiɗe yake to na gefe zasu shaƙe tun na tsakiya basu ji komai ba. Sannan ƙarfinsu ba ɗaya ba, E mai kauri tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa da nauyinta tana buƙatar a riƙe ta sosai, G mai 98 siririya ce ɗan taɓi kaɗan take mutuwa. Na manna samfefa a katako na riƙa goga soson a kai, tsakiya tudu, gefen E ƙasa kaɗan, gefen G ƙasa fiye da haka. Sabuwar reza da aka jiƙa da ruwan sabulu ita ke yanka shi sumul, busasshiya jan shi take tana yaga. Na kuma tsaga shi tsakanin kowace tsirkiya ba har ƙasa ba, dan in ɗaya ta danna nata kar ta ja na maƙwabciyarta.

Gam na masu takalmi na sa, shafi siriri a faranti da soso, a bari ya sha iska har ya daina kama yatsa sannan a haɗa, kuma haɗi ɗaya ne babu gyara. Sufa gulu shiga cikin soso yake ya ƙame shi ya koma silifas ɗin da muka gudu, salatef mai fuska biyu kuma zafin watan Afrilu zai zame da shi. Na bar wurin dalma da ramukan sukuru ba gam.

Wajen mayarwa, sukurorin da ke ƙarƙashin birij na ɗaure su ne iya su zauna, ban matse ba, dan ƙasansu akwai sarari, in ka danne tsakiyar ƙarfen wutsiyarsa ce ke ɗagawa. Tsayin tsirkiya ya dawo yadda na rubuta tun farko. Miyut a ƙasa baya taɓa komai ko ka kaɗa da ƙarfi, kas-kas ɗin nan ta tafi. A sama kuwa, daidai inda ya fara kamawa, tashin tunin a buɗe 'yan sent ne da kunne baya damuwa da su, wajen firet na 12 ana ɗan ji in ka kasa kunne, kuma kiɗan da ake yi da miyut dama ba can sama ake yinsa ba.

28 ga Disamba

Na kai ma Kawu ya gani. Ya karɓa ya ɗora a cinya, kafin ma ya kaɗa yatsunsa suka tafi kan sukurorin ya murza na E ya murza na G ba tare da ya duba ba, ya tsaya ya ƙara warware na G kaɗan. Yayi wani salon hailaif da babban yatsa, gajeru-gajerun sauti kowanne da sarari a bayansa, abin da ni in zan yi sai na haɗa da danne-danne da hannun hagu.

Yace, "Kai yaron nan, soson naka ya fi na da riƙo, na da bai kai haka ba."

Nace, "Kawu in rage ne?"

Yace a'a in bari sai an sa mata filat tukunna, wai waɗannan rawun ɗin da ke kai ba nata bane, wani yaro da ya ara ne ya sa su, kuma rawun da miyut basu cika jituwa ba, soso na kashe ƙasan ya bar wani ƙyas-ƙyas a sama. Na saurara kuma haka ne. Ya kuma gaya min shi a da baya sauke miyut ɗin tsakiyar wasa saboda sukuru biyu ne sai ka saki kiɗa ka murza, tun daga gida yake yanke shawara ko yau daren miyut ne ko a'a. Wannan kam gaskiya raunin tsarin ne in ka gwada da mai hannu na Gibson da ake turawa lokaci ɗaya, amma shi kuma wancan baka da ikon cewa kaɗan nake so ko da yawa.

11 ga Janairu 2025

Filat sun iso ta hannun wani da ya dawo daga tafiya, Thomastik-Infeld na Ostiriya, na zaɓe su ne dan basu da ja sosai, tsohon wuyan 4001 baya son tsirkiya mai nauyi. Da na ɗora su sai da na sake taɓa soson, maganar Kawu ta fito ta wani gefen, da filat riƙon yayi yawa a D da G dan su dama basu da dogon amo, na sassauta tsirkiya na sa siririyar samfefa na rage saman ɓangarensu ba tare da na kwance komai ba. Yanzu duka huɗun suna mutuwa kusan lokaci ɗaya, abin da nake nema kenan tun farko.

Saura wuya. Da hunturun nan da kuma raguwar jan tsirkiya ya miƙe fiye da da, akwai ɗan zizz a firet na farko zuwa na uku a A. Ban taɓa rodin da ke cikin wuyan ba, dan na 4001 guda biyu ne kuma tsohon tsari, ba'a murza su su lanƙwasa wuya yadda ake yi a Fender, sai an sassauta noti an saita wuyan da hannu sannan a ɗaure ya riƙe, wanda ya murza da ƙarfi allon wuya ne ke ɓallewa daga sama. Na ɗaga birij da alanki rabin zagaye a ɓangaren E zizz ɗin ya ragu, wanda ya sa dole na ƙara ɗago miyut kaɗan ya biyo su. Zan barta haka har laima ta dawo wajen Mayu in ga inda wuyan zai tsaya kafin in yanke ko za'a taɓa rodi, lokacin ne kuma zan duba ko gam ɗin ya jure zafin bazara. Ragowar soson da sukurun ajiya na ƙulle su a leda na sa a aljihun akwatin, da takarda mai ɗauke da awon kauri da tsawon da na yanka.